Warin da Ya Fito Daga Oben ɗin Madam Inga

Na haura shekara ashirin ina tsaye gaban wuta, abubuwa da yawa kuma sun zube daga kaina, amma har gobe ban manta da safiyar da na buɗe ƙofar oben a unguwar Barnawa ba. Ku da kuke aiki a ƙarƙashina a kicin ɗin nan kun dame ni da tambaya: me ya sa Oga Istifanus ba ya yarda a zuba komai a kwaɓi sai ya san sunansa da sunan ubansa? To ga amsar, ku karanta ku bar ni in huta.

Abin ya faru ne a farkon Disamba, a tsakiyar shekarun tamanin, lokacin da madara da sukari ma sai an bi layi. Ina kuku a gidan wani injiniya Bajamushe da ke kula da injinan sanyi a wata masana'anta a Kudenda. A gidan Bature a wancan zamani aiki hawa-hawa ne: kuku ne a sama, shi ke riƙe da kicin da makullin sito, sai mai shara da guga, sai mai kula da fulawoyi, sai maigadi. Gidanmu ƙarami ne, don haka ni ne na sama, ni ne na tsakiya, ni ne na ƙasa. Maigadi kaɗai aka rage mini, wani dattijo mai suna Baba Sale. Uwargidan kuwa, Madam Inga, mace ce mai kirki amma ba ta da yawan magana. Da Turanci muke yi da ita, nata ya karye ta hagu, nawa ya karye ta dama.

Sai na koma baya kaɗan, in ba haka ba za ku ɗauka hauka na yi. Kafin in shiga aikin kuku na yi leburanci a sashen rini na wata masaƙa a Kakuri. Akwai wani ruwan magani da ake aiki da shi a wurin, ana kiransa amoniya. Warinsa kamar a tara fitsarin unguwa guda a kwalba, a shanya a rana, sannan a soka maka shi a hanci da allura. Wata rana durom ɗinsa ya kife kusa da abokina Haruna. Mu muka jawo shi waje, idanunsa jajur, yana buɗe baki kamar kifin da aka jefa kan yashi. Bai mutu ba, amma tun daga ranar, in yana numfashi a ɗaki za ka ji shi daga tsakar gida. Abin da ya kore ni daga masaƙa ke nan. Na ce gara hayaƙin albasa.

Jamusawa suna da wata al'ada. Tun saura makonni Kirsimeti matansu suke gasa biskit ɗin bota, sirara, masu siffar tauraro da wata da ƙararrawa, su jera a gwangwani su ɓoye, a riƙa fitowa da su kaɗan-kaɗan har ranar idi. Wannan ce Kirsimetina ta farko a gidan, don haka ranar kwaɓi na tsaya gefe ina kallo. Fulawa, sukari, gwaiduwar ƙwai, kankararren ɓawon lemun tsami, sai bota mai sanyi ƙarara, wadda aka sha wahalar samu har Madam na kallonta kamar gwal. Ba a daɗe ana murza kwaɓin, don zafin hannu yana narkar da botar. Ana haɗawa sai firji.

Can tsakiyar aiki sai ta shiga sito, ta taka kujera, ta ɗauko wata 'yar kwalba mai launin ruwan ƙasa daga kanta ta sama. Ni na san kantar nan. Nan Oga, wato injiniyan, yake ajiye kwalaben da yake zuwa da su daga masana'anta, har ya gargaɗe ni kada in taɓa su. Ta juya mini baya ta ɗebi farin gari a ƙaramin cokali, ta narkar a madara, ta zuba. Tambaya ta zo mini har leɓe. Amma sabon kuku ne ni, na riga na cika baki ranar ɗaukar aiki cewa babu abincin Turawan da ban sani ba. Na haɗiye ta.

Da yamma ta aike ni kasuwar Kakuri sayen kaji. Ko da na dawo ta riga ta gasa tiren farko da kanta. Na tarar da tagogin kicin duk a wangale, fanka na ta juyi cikin sanyin nan na Disamba, na ce a raina Turawa dai da son iska. Ta tattara waɗanda suka karye da waɗanda suka yi duhu, ta cika mini jakar takarda.

"Kai wa matarka," in ji ta. "Mai ciki tana son zaƙi."

Matata Rifkatu tana da cikin fari, watan haihuwarta ya kama. A Unguwar Boro muke haya. Ko ɗaya ban ɗanɗana ba, na ce duk nata ne. Na tarar ƙwannafi ya hana ta cin komai, ta ce sai da safe. Da asuba ina tura keke zan fita, na bar ta ta ɗora ruwan shayi tana kwance bakin jakar.

A safiyar nan Oga da Madam suka tafi filin jirgi tarbar mahaifiyar Madam, wadda za ta yi Kirsimeti da su. Aka bar mini ragowar kwaɓin. Na rufe tagogi saboda sanyi, na murza, na yanka taurarina tsaf, na shafa musu gwaiduwa, na tura oben ina fito. Da lokacin dubawa ya yi na durƙusa, na kai fuskata kusa don in sha ƙamshin bota, na buɗe.

Jama'a, abin da ya fito daga oben ɗin nan mari ne. Ya shiga hancina ya fita ta ƙeya. Hawaye suka ɓalle, maƙogwarona ya shaƙe, na faɗi da baya na zauna daɓas. Ban ga kicin ba, Haruna na gani kwance a kan siminti. Hanci ba ya manta irin wannan. Amoniya ce, babu ko tantama.

Na rarrafa na kashe oben, na faɗa sito, na haye kujera, na ɗauko kwalbar. Rubutun hannu ne a jikinta da Jamusanci, ban gane ko harafi ba. Na buɗe na kai hanci. Shi ne, warin nan dai. A gefenta kuma ga wata kwalbar Oga mai hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu. Lissafin ya haɗu a kaina nan take: Madam ta yi kuskuren kwalba, ta zuba maganin masana'anta a kwaɓi. Kwaɓi ɗaya ne da na jiya. Na jiya kuma yana Unguwar Boro, a hannun Rifkatu, da ɗana a cikinta.

Ban san lokacin da na diro daga kujera ba. Na jefa kwalbar a aljihu, na kwashi biskit kaɗan daga tire don in nuna wa likita, na fito a guje.

"Lafiya, Kuku?" in ji Baba Sale.

"Baba, guba! Guba ce a biskit! Kada kowa ya taɓa komai a kicin, ko kare!"

"Innalillahi! Ina za ka?"

"Matata ta ci!"

Babu waya a unguwarmu a lokacin, babu kuma wanda zan aika. Keke ne kawai da ƙafafuna. Na sha faɗa cewa a ranar na wuce motar soja a hanyar Sabon Tasha har direban ya sara mini, mutane suna cewa ƙari nake yi. Wataƙila. Abin da ba ƙari ba shi ne abin da ke cikin kaina. Duk taka feda ɗaya sai in ga Rifkatu kwance a bakin murhu tana neman iska, ba kowa kusa. Ina tuna yadda na miƙa mata jakar ina washe baki, ina cewa ga abin Turawa na kawo miki. Da hannuna. Na fara addu'a na rasa kanta, sai "Ya Yesu, ya Yesu" kawai nake yi har na shiga layinmu.

Ƙofarmu da kwaɗo. Na tsaya ina kallonsa. Maƙwabciyarmu ta leƙo.

"Ai ta tafi coci, yau matan zumunta ke gwajin waƙar Kirsimeti. Har ta ce za ta kai musu tsarabar Madam ɗinka."

Da ma mutum ɗaya nake tsoron na kashe. Yanzu sun zama coci guda.

Tun daga nesa na jiyo tulu da caki suna tashi. Na jefar da keke a ƙofa na faɗa ciki. Ga su nan sun yi da'ira suna rangaji, Rifkatu na zaune a benci tana tafi saboda nauyi. A gefenta ga jakar takarda an ninke ta, babu ko ɓurɓushi. Uwar zumunta, Mama Asabe, wata dattijuwa mai jiki da murya, tana cikin share sukari daga leɓenta.

"A tsaya!" na kwarma ihu. "Wa ya ci biskit?"

Tulu ya yi shiru. Mama Asabe ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai Istifanus, don 'yan gutsattsarin nan ka biyo mu har ɗakin Ubangiji? Ka ji rowa!"

"Mama, guba ce a ciki! Maganin masana'anta ne!"

Na zaro kwalbar na buɗe na kai mata hanci. Ta yi baya kamar an ture ta, ta dafe ƙirji.

"Yesu Mai Ceto! Ɗan nan ka gama da mu!"

Coci ya kacame. Wata ta ce harshenta ya mutu, alhali da shi take faɗa. Wata ta fara kiran sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya tana rabon tukwane. Ni kuma abin da aka raine mu a kai a ƙauye shi ya zo mini: wanda ya ci guba a ɗura masa manja.

"Manja! A kawo manja!"

Akwai wata 'yar kasuwa Inyamura, Mama Ngozi, da ke da shago daura da cocin. Ta shigo da galan a kai da ludayi a hannu, ba ta ko tambayi ba'asi ba. Aka yi layi. Ni ke zubawa, Mama Asabe ke toshe hancin mai gardama. Har wata da ta zo a makare, ba ta ga ko kalar biskit ɗin ba, ta ce a ba ta ita ma, ai ta shaƙi iskar wurin.

Na ɗauki ludayi na je gaban Rifkatu na durƙusa.

"Nawa kika ci?"

"Ban ƙirga ba," ta ce a hankali. "Ni na fi kowa ci. Tun a gida na fara."

Ta sha, ta yamutsa fuska. Ba a jima ba na ga ta kama bayanta, ta cije leɓe, gumi ya keto mata a goshi.

"Maigida," ta ce, "cikina."

Daga nan wasa ya ƙare. Na ji matan suna cewa faya ta fashe, amma maganar ba ta shiga kaina ba. Abin da na sani shi ne guba ta fara aiki, kuma ta fara da wadda ta fi ci. Mijin Mama Ngozi ya kawo a-kori-kurarsa, aka shimfiɗa zannuwa a baya, aka kwantar da ita, matan suka cika ragowar wurin. Duk ramin da motar ta faɗa sai Rifkatu ta matse hannuna har ƙashi ya yi ƙara. Ni kuwa bakinta kawai nake kallo, ina sauraron numfashinta, ina jiran in ji ya koma irin na Haruna.

"Ki yafe mini," na ce.

Ta buɗe ido ta dube ni, leɓenta jajur da manja.

"Ka daina kuka a gaban mata, kana ba ni kunya. Kuma biskit ɗin da daɗi."

A asibitin mishan wata Sista mai ɗamara ta tare mu. Na tura mata kwalbar ina ba da labari a birkice. Ta shinshina, ta kau da kai, sannan ta duba idon Rifkatu, ta kama hannunta, ta sa abin sauraro a ƙirjinta da cikinta.

"Numfashinta lafiya. Wannan naƙuda ce. Ka ba mu wuri."

"Sista, guba..."

"Na ce ka ba mu wuri, malam!"

Aka rufe ƙofa. Ban yarda da ita ba. Na ɗauka irin maganar da ake yi wa miji ce don kada ya faɗi a baranda. Aka duba matan ɗaya bayan ɗaya ba a ga komai ba, aka ce su zauna a sa musu ido. Suka jeru a benci da jajayen baki kamar waɗanda suka cinye ɗanyen sa, suna waƙar addu'a ƙasa-ƙasa. Ni na kasa zama. Duk nishin da ya fito daga ɗakin nan sai in ji kamar an zare mini haƙarƙari ɗaya. Idan kuma aka yi shiru, ya fi muni.

Rana ta karkata sai ga motar Oga. Baba Sale ya gaya musu, suka bi unguwa da tambaya har aka nuno musu asibitin. Madam ta fito fuskarta fara fat kamar fulawa, a bayanta ga mahaifiyarta, wata 'yar tsohuwa da rigar sanyi da jakar hannu, ko gida ba a bari ta huta ba. Na san aikina ya ƙare, ban ma damu ba. Na miƙa kwalbar da biskit ɗin da suka farfashe a aljihuna.

"Madam, kin yi kuskuren kwalba. Wannan amoniya ce. Na san ta. Ta kusa kashe abokina a gabana."

Madam ta dubi kwalbar, ta dube ni, ta dubi matan da ke benci, ta rufe bakinta da hannu. Ta yi wa tsohuwar magana da yarensu da sauri. Tsohuwar ta karɓi kwalbar, ta buɗe, ta shinshina kamar mai zaɓen turare, ta gyaɗa kai. Sai kawai ta tsinci rabin tauraro daga tafin hannuna. Na kai hannu zan ƙwace, ta buge mini yatsu. Ta jefa a baki, ta tauna a natse tana kallona, ta haɗiye, ta sake ɗaukar wani.

Mama Asabe ta ce, "Wannan tsohuwa ko ta gaji da duniya ne?"

Madam ce ta yi bayani. Kwalbar ba ta Oga ba ce, ta uwarta ce, rubutun ma nata ne. Garin kuwa abin tashin kwaɓi ne irin na kakanninsu, suna kiransa gishirin ƙahon barewa, don a da daga ƙaho ake samo shi. A kantin magani ake sayar da shi a ƙasarsu, shi ya sa yake cikin irin wannan kwalba, ta kuma ɗora shi can sama ne don ya yi nesa da damshi. Hancina bai yi ƙarya ba, warin amoniya ne. Amma zafin oben ne yake kore shi, ya fice gaba ɗaya ya bar biskit ɗin garas-garas. Shi ya sa ake yin su sirara, shi ya sa ake buɗe taga, shi ya sa ba a kai fuska.

"Shinshina," ta ce.

Na kai gutsuren da ya rage hancina. Bota da lemun tsami. Ba komai sai su.

Na zaci za ta yi dariya ko ta yi faɗa. Sai na ga hawaye.

"Laifina ne," in ji ta. "Kowane yaro a garinmu ya san warin nan. Ban tuna cewa kai ba a garinmu ka tashi ba."

Na ji maganar, na kuma gane ta, amma ƙirjina bai sauka ba. Tsohuwa ta ci lafiya, amma ai ita ba ta da ciki. Idona na kan ƙofar nan. Tsohuwar ta zo ta zauna kusa da ni a kan dakali, ba ta jin yarena ba na jin nata, ta kama hannuna ta riƙe. Muna nan a haka har wata 'yar ƙaramar murya ta tsage daga ciki, mai kaifi, mai cike da iska. Ban taɓa jin abin da ya kai kukan nan daɗi ba. Huhu ne lafiyayye.

Sista ta fito, gaban farar rigarta ya yi ja.

"Mace ce. Uwa da 'ya lafiya. Wane ne ya ba mai naƙuda manja?"

Matan zumunta duka suka nuna ni, har da wadda ta roƙa a ba ta.

"Ka ga abin da ta amayar mini? Ka saurara da kyau, ku ma ku ji. Manja ba ya kashe guba. Da guba ce ta gaske, lokacin da kuka ɓata kuna layin ludayi shi zai kashe ta. A kawo mutum asibiti kai tsaye."

Na ce na ji, Sista. A lokacin ko marina ta yi godiya zan yi.

Ba a kore ni ba. Tsohuwar ma ta sa aka sake kwaɓi, ta tsaya a kaina har na iya, tagogi a buɗe. Matan zumunta kuwa manja ya yi musu aikinsa, ranar Lahadi rabinsu ba su iya tsayuwar waƙa ba, ana tsakiyar baiti sai ka ga wata ta ajiye caki ta nufi bayan coci da sauri. Yarinyar muka sa mata suna Murna, amma har ta yi aure babu mai kiranta da shi a Unguwar Boro. Biskit ake ce mata.

Abin da na ɗauka daga ranar nan, shi nake ɗora muku. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce ta jawo duk wannan, don haka in kun ga an zuba abin da ba ku sani ba, ku tambaya, ko da za a ce muku 'yan ƙauye. Ku kuma da kuka daɗe a aiki, abin da kuka saba da shi har kuka daina ganinsa, shi ne sabon zuwa bai sani ba, ku faɗa masa tun kafin ya kai fuska. Gudun da na yi kuwa ban taɓa nadamarsa ba. Wanda yake ciyar da mutane, in hancinsa ya ce masa akwai matsala, gara a yi masa dariya shekara ashirin da ya yi shiru sau ɗaya.

Dariyar kuma ana nan ana yi. Duk Disamba nakan gasa gwangwani guda in aika wa matan zumunta. Su kuma ba su taɓa fashi ba, ranar jajibirin Kirsimeti sai sun aiko mini da tukuici: kwalbar manja, da ludayi ɗaure a wuyanta.